Audugar Kunnen Nasrin

Da Buzid ya dawo daga masallacin Idi, kafin ma ya tuɓe farar jallabiyarsa ya ɗauki wuƙar yanka, sai idonsa ya faɗa kan jakar. Ƙarama ce, ja, an jingine ta bayan ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, an cusa mata kaya har bakinta ya ƙi rufuwa, hannun wata rigar Nasrin mai ɗigon shuɗi ya leƙo waje. Ba wanda ya gaya masa an haɗa ta. Motar yayarsa Dalila kuwa tana ƙofar gida tun shekaranjiya, kuma kowa ya san gobe da sassafe za ta kama hanyar komawa gidanta a Kusantina.

Nasrin ta kusa cika shekara uku, ba ta taɓa furta kalma ba. Ji kam tana ji. Likita a Biskra ya haska kunnuwanta, ya tafa hannu a bayanta ta waiwaya, ya ce lafiyarta ƙalau, a dai riƙa yi mata magana. To wa zai yi? Uwarta Wahiba ma'aikaciyar jinya ce, tana barin garinsu Tolga yarinyar na barci, ta dawo ƙafafu a kumbure yarinyar na gyangyaɗi. Kakarta Hajja Mubarka tun rasuwar mijinta ta rage magana, sai ta zaunar da jikar gaban talabijin ta shiga aikinta. Shi kuwa uban an hana shi.

Buzid mai in'ina ne tun yarinta. Hajja Mubarka ta yi imani har cikin ranta cewa ɗauka ya yi wajen baffansa Mabruk, wanda shi ma haka harshensa yake, ya kuma yi ta yawo da shi a kafaɗa tun bai iya tafiya ba. Don haka ranar sunan Nasrin, bayan baƙi sun watse, ta kira ɗanta ta riƙe hannunsa.

"Ka ɗauke ta, ka yi mata wasa, ka sayo mata duk abin da ranka ke so," ta ce. "Amma ɗana, don girman Allah, kada ka yi magana a kunnenta. Mace ce. Kai namiji ka ga abin da ka sha, ina ga ita?"

Ya dubi Wahiba a lokacin, tana zaune da jaririyar a cinya. Ta sunkuyar da kai. Sai ya gyaɗa nasa. Tun daga ranar, in ya shigo gida sai ya rufe bakinsa kamar yadda ake rufe ƙofar gona, ya yi wa 'yarsa murmushi, ya ɗaga ta sama ya cafe, ya ɓare mata dabino ya cire ƙwallon, duk ba tare da sauti ba.

Bayan an yanka rago an rataye shi, tsakar gida ta cika da hayaƙin gawayi. Hajja Mubarka na naɗe yankan hanta da kitse tana jerawa a tsinke. Dalila na wankin hanji, bakinta bai huta ba.

"Ni dai Umma na faɗa miki, wannan zancen harsunan raguna na mutanen da ne. Yarinya gida mai hayaniya take buƙata. Nawa kuwa kin san shi, in ɗana Anis ya fara zuba sai an toshe masa baki da burodi. Ta ɗan zauna cikinsu, wallahi sai kun roƙe ta ta yi shiru. Ga makarantar irinsu a kusa da mu. Shekara ɗaya ko biyu, mene ne a ciki?"

"Na ji," in ji Hajja. "Bari dai mu yi namu. In ta ci harsunan ba ta buɗe baki ba zuwa safiya, ki tafi da ita, ban hana ba."

Buzid ya ajiye wuƙa. "U-u-umma, ni d-d-dai…"

"Ba ka so ta tafi," Dalila ta ƙarasa masa. "Na sani, ƙanina, na sani. Wa ke so? Amma so ba ya koya wa yaro magana."

Ba abin da yake shirin faɗa ke nan ba, amma ya saba. A gidan nan ba a taɓa barinsa ya kai ƙarshen zance ba, saboda tausayi.

A unguwarsu, in yaro ya makara bai yi magana ba, ranar layya ubansa kan saɓa shi a kafaɗa ya bi gidaje bakwai, ya roƙi harshen ragon kowane gida da bakinsa, a dafa a ba yaron. Na gidansu ba ya cikin lissafi, kuma ba a aikawa. Hajja ta so ta tura mijin Dalila, tsofaffin unguwa suka ce sai uba. Ta kwana biyu tana juya abin a ranta, har ta samo mafita. Ta jawo Nasrin tsakanin gwiwoyinta, ta yago auduga, ta murza ta da ɗan man zaitun, ta toshe mata kunnuwa biyu, sannan ta ja mata hular rana har ta rufe su.

"Yauwa. Yanzu ka roƙa son ranka."

Yarinyar ta ɗaga manyan idanunta ta dubi kakarta, ta dubi ubanta, ba ta yi kuka ba. Wannan ne ya fi ci masa rai. Ba ta cika kuka ba ma.

A soro Wahiba ta tsayar da shi, ta miƙa masa kwano mai murfi. Ta sa koriyar rigar da yake so, ta sa kwalli, amma idanun sun yi ja. Ita ce mace ɗaya a duniya da ba ta taɓa ƙarasa masa kalma ba. Ranar da ya fara tsayawa gabanta a bakin asibiti, da nonon dabino na farkon kaka a hannu, ya maƙale a kan sunanta har motar da za ta hau ta zo ta wuce. Ba ta duba agogo ba, ba ta kau da kai ba, ta tsaya tana kallonsa kamar wanda ke rera mata waƙa. A wannan tsayuwar ya san in ba ita ba sai dai ya mutu gwauro.

"Yi magana mana," ta ce a hankali. "Ni ba a toshe min kunne ba."

"Ke k-k-kika haɗa j-jakar?"

Ta jira har ya gama, kamar kullum.

"Ni ce. Hajja ta ce in haɗa. Ina naɗe rigunan ina jin kamar fatata nake naɗewa. To ya zan yi, Buzid? In zuba ido har sa'o'inta su shiga makaranta ita tana nuni da yatsa?"

Ya karɓi kwanon. Ya saɓa Nasrin a wuya, ƙafafunta suka sauko kan ƙirjinsa, ya fita.

Rana ta riga ta ɗaga, zafin bazara na dukan bango yana dawowa. Ko'ina ƙaurin babbakar kai da ƙafa, ruwan jini na bin gefen lungu, yara cikin sababbin kaya na tsallakewa. Ya fara da gidan Ammi Lahsan, tsohon maƙwabcinsu. Tun daga nesa yake jera kalmomin a ransa. Ya yi sallama, ya buɗe baki.

"A-a-ammi, na zo…"

"Harshe! Na sani, ɗana, na sani, kada ka wahalar da kanka. Ke 'yar nan, miƙo wuƙa! Allah ya buɗe bakin 'yar tsuntsuwa."

Haka aka yi a gida na biyu da na uku da waɗanda suka biyo. Labari ya riga shi zuwa. Yana buɗe baki ake tarye shi, a jefa harshe a kwano, a shafa kan yarinya, a tura masa alewa a aljihu. Ya kamata ya ji sauƙi, amma sai ya ji kamar ana rufe masa ƙofa da murmushi. Da ya samu shida sai abin ya tsaya. Gida biyu suka ce ai kan ragonsu ya riga ya shiga tukunya, wani gidan kuma sun tafi Sallah ƙauye. Wata tsohuwa ta ce masa ta bayan labule, "Sai dai Jallul mahauci. Shi ne ke yanka nasa a ƙarshe, in ya gama na mutane."

Buzid ya ja ya tsaya. Gidan Jallul na ƙetaren gonakin dabino, kuma da a ce akwai wata hanya ta samun harshe ko da a Biskra ne, da ƙafa zai tafi.

Ya yanka ta cikin gona. Nan ne wurin aikinsa, nan ya fi sani a duniya. Shi ke hawa ya yi wa dabino barbara in lokaci ya yi, shi ya sa wa nonnan nan rawayar leda makon jiya don kada ruwan farko ya ɓata su. A can sama, inda ba kunnen kowa, yakan yi wa itatuwan hira, ya yi musu faɗa, ya lallashe su, harshensa na tafiya sumul kamar ruwa a magudana. Ba wanda ya san wannan, ko Wahiba.

Ya sauke Nasrin a inuwa bakin magudanar ruwa don ya wanke mata fuska, gumi ya jiƙe mata wuya. Ya juya ya ɗebo ruwa a tafin hannu. Da ya juyo, hular na ƙasa, tana riƙe da audugar biyu, ɗaya a kowane hannu, tana miƙo masa kamar ta tsinto masa wani abu.

Ya karɓa. Ya san abin da ya kamata ya yi. Ya ma durƙusa, ya kama haɓarta don ya juya kunnen.

Sai kurciya ta yi kuka a kan reshe. Nasrin ta zabura, ta miƙa yatsa sama, sannan ta juyo ta kafa masa ido.

Ya san wannan kallon. Ta daɗe tana yin sa. Ta nuna abu, ta dubi fuskar wanda ke kusa, ta jira. A gida in ta nuna kofi sai a ba ta ruwa, in ta nuna ƙofa sai a ce zafi ake yi a ja ta ciki, shi kuwa sai ya yi murmushi ya kau da kai. Kullum yana zaton abin take so a ba ta. Amma ai ba ta zaci zai kamo mata kurciya daga kan dabino ba. Yatsan na sama, idon na kan bakinsa, tana jira.

Ya waiga dama da hagu. Ba kowa sai itatuwa. Zuciyarsa na bugawa kamar mai shirin sata.

"K-k-kurciya," ya ce.

Yarinyar ta sauke yatsan. Ta matso, ta ɗora yatsunta masu ɗanɗanon alewa a kan leɓɓansa, kamar tana neman inda sautin ya ɓuya. Sannan ta juya da sauri ta nuna magudana.

"Ruwa."

Ta nuna sama.

"D-dabino. Wancan l-l-leda ce. Ni na sa."

Ta nuna jakin wani da aka ɗaure, ta nuna tururuwa, ta nuna takalminta, ta nuna hancinsa. Tana nunawa tana juyowa, yana faɗa, wani ya fito sumul wani ya fito a gutsure, ita ba ruwanta. In ya maƙale sai ta buɗe baki ita ma, tana kallon yadda muƙamuƙinsa ke rawa, ta jira shi har ya fito da ita. Irin jiran uwarta. Hawaye suka cika masa ido har ledojin nan rawaya suka narke suka zama abu ɗaya. Ashe duk wannan zaman tambaya take yi. Shekara nawa tana tambaya a gidan da ba mai amsawa.

Kiran sallar azahar ya dawo da shi. Ya dubi audugar da ke tafinsa, ta dunƙule da gumi. Ya sake ta cikin magudana, ruwa ya tafi da ita. Ya mayar wa Nasrin hula ya ja ta ƙasa sosai.

A ƙofar gidan Jallul maza sun kewaye wuta, ana babbake kawuna da ƙarfe mai zafi. Jallul na tsakiya, ƙato, rigarsa jina-jina. Ajinsu ɗaya a firamare, kuma shi ya laƙa wa Buzid sunan da ya bi shi har girma, wai maganarsa irin ta injin ban ruwa ce in mai ya ƙare masa.

"A'a! Inji! Barka da Sallah! Yau an zuba maka mai kuwa?"

Aka yi dariya, ba duka ba.

"Na san abin da ya kawo ka, labari ya zo. Ga kan ragona nan ko taɓa shi ban yi ba. Amma ka san ƙa'ida, uba ke roƙa da bakinsa. Ni ba Ammi Lahsan ba ne da zan yi maka aikinka, in na tarye ka maganin ba zai ci ba. Ko ba haka ba, jama'a? Bismilla. Ba ma sauri, yau hutu ne."

Buzid ya gyara tsayuwa. Ya ji nauyin 'yarsa a wuyansa, ya tuna kunnuwanta a buɗe suke. Ya ja numfashi.

"Ha…"

Shi ke nan. Ƙofar bakinsa ta rufe. Muƙamuƙinsa ya ƙage, jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa na hagu ya shiga ƙiftawa shi kaɗai kamar yadda yake yi tun yana yaro gaban allo. "Ha… ha… ha…" Iska na fita, kalmar ta ƙi. Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da toka. Wani saurayi ya danne dariya ta fito masa ta hanci. Jallul ya harɗe hannu a ƙirji yana gyaɗa kai kamar mai sauraron huɗuba.

"Ja igiyar da ƙarfi," ya ce, "injin zai tashi."

Sai wata 'yar murya, siririya, a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, ta fito daga saman kan Buzid.

"Ha. Ha. Ha."

Kowace ɗaya da ɗan bugu na tafin hannu a kan sumarsa.

Jallul ya saki baki.

"La ilaha illallahu. Ƙaramin inji!"

"Kai Jallul, ji tsoron Allah, yau Sallah," in ji wani dattijo.

Sanyi ya ratsa Buzid tun daga ƙeya har tafin ƙafa, cikin wannan zafin. Muryar 'yarsa ke nan. Yau ya fara jin ta, kuma abin da mahaifiyarsa ta yi ta gudu shi ne ya fito. Murna da tsoro suka zo masa tare. Amma ɗan tafin bai daina ba, bugu, bugu, bugu, a kan kansa, sai ya ga numfashinsa ya bi bugun.

"Harshen. Ragonka. Nake roƙo. Jallul. Don 'yata."

Jallul ya dube shi, ya dubi yarinyar. Ya sunkuya ya ɓare bakin ragon, ya yanko harshen tun daga tushe, ya ɗauraye shi da kansa kafin ya sa a kwanon.

"Ungo. Allah ya sa a dace." Ya rage murya. "Amma in ni ne kai, ba zan bari Hajja ta ji wannan ba."

Duk hanyar komawa Nasrin na yi. "Ha. Ha-ha." Ta yi wa jaki, ta yi wa bango, ta yi wa inuwarsu. Da suka shiga lungunsu ya ɗaga hannu zai rufe mata baki. Hannun ya kai har haɓarta, ya ji ɗumin numfashinta, sai kunya ta kama shi kamar an tsare shi yana dukanta. Ya sauke hannun. Ita kuwa ganin ƙofar gida sai ta yi shiru da kanta, kamar yadda ta ga ubanta na yi.

Hajja Mubarka ta dafa harsunan da la'asar, ta ɓare fatar, ta yanko ɗan ƙarshen kowanne ta jera a faranti. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bango. Dalila da 'ya'yanta suka kewaye, Wahiba ta durƙusa a gefe tana murza yatsunta. Hajja ta yi bismilla ta riƙa ba yarinyar ɗaya bayan ɗaya. Nasrin ta tauna, ta haɗiye, ta tauna. Kowa ya zuba wa bakinta ido. Ba abin da ya fito sai ɗan miyau.

"To," in ji Dalila, "mun yi na gargajiya."

Nasrin ta miƙa yatsa ta nuna farantin. Hajja ta ɗauko wani yanki za ta ba ta, ta kau da kai. Yatsan na kan farantin, amma idon ya tsallake kakarta, ya tsallake uwarta, ya sauka kan Buzid da ke tsaye jikin rijiya. Tana jira.

Ya dubi ƙasa.

Ta tashi, ta taka zuwa gare shi, ta ja jallabiyarsa har ya durƙusa. Ta ɗora yatsu a leɓɓansa, ta sake nuna farantin.

"Ha. Ha. Ha-ha."

Wahiba ta yi wata ƙara ta toshe bakinta da hannu biyu. Cokali ya faɗi daga hannun Hajja. Tsohuwar ta miƙe, ba ta ko dafa bango ba, ta zo ta ɗage hular. Ta duba kunnen dama, ta duba na hagu.

"Ina audugar?"

Buzid ya jawo Nasrin jikinsa.

"Buzid, da kai nake. Ina audugar da na sa mata?"

"Na j-j-jefar."

"Ka jefar." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka yi min alkawari ranar sunanta. Ni na san dawowar da kake yi daga makaranta, rigarka a yage, ka shige bayan tulu ka ƙi cin abinci. Ni na san yawon malamai da na yi da kai. Sau nawa na tsaya a soro ina jin 'yan lungu na kwaikwayonka, in koma ciki in cusa mayafi a baki? Shi ne yini ɗaya tak na ba ka ita, ka zuba mata shi a kunne? Dalila, sa jakar nan a mota. Ba sai gobe ba. Tun bai kama ta ba."

Dalila ta miƙe, jikinta a sanyaye, ta ɗauko jakar.

"A-a-a…" in ji Buzid. Ya miƙe da yarinyar a hannu. "A-a-aj…"

"Ajiye, na ji, amma ƙanina ka duba…"

"Dalila." Wahiba ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ki bar shi ya ƙarasa. Kowa ya bar shi ya ƙarasa."

Aka bar shi. Ya ɗauki lokaci. Hanta ta ƙone a kan wuta ba wanda ya motsa, 'ya'yan Dalila ma suka yi tsit. Ya maƙale, ya kuɓuce, ya sake maƙalewa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma bai tsaya ba.

"U-umma. B-baffa Mabruk… shi k-kaɗai ke jira in gama. Shi ya g-gaya min sunan k-komai. In a wajensa na ɗauki in'ina, t-to a wajensa na ɗauki s-sauran maganar ma. Yarinyar nan t-t-tambaya take yi. Kullum. T-talabijin ba ya ganin inda take nunawa. Ni ina gani. Ina g-gani in kau da kai." Ya gyara riƙon yarinyar. "Ba zan ƙ-ƙara kau da kai ba. Kuma ba inda z-za ta."

Hajja ta buɗe baki, Wahiba ta riga ta. Ta karɓi jakar daga hannun Dalila, ta zazzage ta kan tabarma, riguna da safa da 'yar tsana mai hannu ɗaya suka watse.

"Hajja, da bakinki kika ce in ta ci harsunan ta buɗe baki ba za ta tafi ba. Ta ci, ta buɗe."

"Wannan ce magana? Wannan ai ciwo ne, 'yata!"

"Da irinta aka nemi aurena," in ji Wahiba, hawaye na bin kwallinta. "Har yau ban ji wadda ta fi ta daɗi ba. In ta taso da ita, za mu jira ta ta ƙarasa. In ba ta taso da ita ba, alhamdu lillahi. Amma shirun nan na gaji da shi, Hajja. Gidan nan kamar ana zaman makoki."

Tsohuwar ta tsaya tana kallonsu, ɗanta da jikarta, fuska biyu iri ɗaya. Sai ta juya ta koma bakin murhu, ta shiga kwashe tsinkayen da suka ƙone tana jefawa a kwano da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe ba ta waiwayo ba.

"In za ka yi mata," ta ce tana fuskantar murhun, "to ka yi a hankali. Ka daina wannan gaggawar kamar ana koro ka. Mabruk ma gaggawa ce ta yi masa yawa."

Dalila ta ja tsaki ta share ido da bayan hannu. "Ni dai zan dawo lokacin yankan dabino. In ban ji ta ce Dalila ba, wallahi a buhu zan sa ta."

Buzid ya zauna a kan dakalin rijiya. Tsoron bai tafi ba, yana nan ƙarƙashin haƙarƙarinsa, kuma ya san zai daɗe a nan, duk ranar da ta buɗe baki sai ya kasa kunne ya ji ta inda kalmar za ta fito. Wahiba ta zo ta zauna kusa da shi har kafaɗarta ta taɓa tasa, a gaban kowa. Nasrin ta zame daga cinyarsa, ta je ta tsaya kan tarin kayanta. Ta ɗago jar jakar da ba komai a ciki, ta leƙa, ta kife ta a ka, ta cire. Sannan ta nuna ta da yatsa ta juyo.

Ya ja numfashi, a hankali.

"Jaka," ya ce.

Ta kalli bakinsa sosai. Ta yar da jakar, ta nuna rigar mai ɗigon shuɗi.